Notin da Na Ɗaure wa Rahila

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata da waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature yana kwance keke cikin minti uku, ga benci nan ku zauna. Jiya na ji ɗayanku yana cewa gyaran keke ai faci ne da famfo. To, sannunka da ilimi. Ni sunana Sani, ɗan garin Danko ne ni, amma shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a a Zuru, kuma har yau akwai keken da in an jingine shi a gabana sai na goge gumin tafin hannuna kafin in taɓa shi.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai, keken wani manomi ne daga Dabai. Ya ɗauro buhun dawa biyu, tayar baya ta sace. Na yi faci, na mayar da taya, na ɗaure noti, ina jin kaina wani babba. Maigidana, Baba Manga, tsohon soja ne, mutumin Dabai ɗin shi ma, ba ya yawan magana. Ya zo ya sa sifana a notin da na ɗaure, ya juya da hannu ɗaya, noti ya bi shi. Sai ya ɗauki filaya ya ƙwanƙwashe ni a bayan hannu. Sannan ya nuna mini yadda ake yi: ka ɗaure har sifana ta ƙi tafiya, ka zura guntun fayif a gindinta, ka ƙara rabin juyi. Ya ce da ni, “Mutumin nan zai gangara dutse da buhu biyu. In noti ya kwance a hanya, kai ka kayar da shi, ba dutse ba.” Gaskiyarsa ce. Keken ƙarfe haka yake so, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin an ce notin da na ɗaure ya kwance ba.

Shekara bakwai na yi ina cin tuwon gidan Baba Manga. Su suna zuwa coci ran Lahadi, ni ina zuwa masallaci ran Juma'a, kowa yana tsare wa ɗan'uwansa rumfa. Autarsa Rahila a gabana aka haife ta, ni na koya mata hawan keke a bayan rumfar nan, ina riƙe da sirdi ina gudu. Yaya Sani take ce mini. Baba ya rasu tana makaranta, ta gama ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a nan cikin gari.

Keken kabon na farko da na gani, wani malamin makaranta ne ya shigo da shi. Lokacin wasu malamai da tsofaffin sojoji sun haɗa ƙungiyar masu hawan keke, kowace Asabar da safe su sa hular kwano su kama hanyar Mahuta ko ta Dabai, su dawo kafin rana ta buɗe. Na ɗaga keken da yatsa biyu, na ce wannan ai kara ne aka yi wa fenti. Malamin ya ce ba ƙarfe ba ne, wani zare ne baƙi ake saƙawa a daskarar da shi da danƙo, ya fi ƙarfe ƙarfi. Ya fi ƙarfe ƙarfi kam, amma ba shi da amanar ƙarfe. Ƙarfe in ya gaji zai lanƙwashe, ya yi tsatsa, ya yi ƙara, ya ba ka sanarwa wata shida. In ya karye ka kai wa mai walda. Kabon yana iya tsagewa daga ciki, waje kuwa fes, sai ranar da zai rabu biyu kana kansa. Ba a yi masa walda.

Da na ga 'yan ƙungiya sun fara sayen irinsa, duk na hannu, 'yan Kwatano, sai na rufe rumfa na tafi Kaduna wurin wani makanike na yi mako biyu. Da furfurata na zauna yaro sa'an ɗana yana koya mini. Ya nuna mini yadda ake bin jikin keke da tsohon kwabo ana ƙwanƙwasawa: in lafiyayye ne za ka ji ƙal-ƙal, in ya rabu a ciki za ka ji ɗif. Ya nuna mini yadda ake haska fitila a kaikaice don a ga tabon da ido ba ya gani. Duk na ɗauka. A ranar ƙarshe ya fito da wata 'yar sifana mai ma'auni, wadda kake saita ta, in noti ya kai iyakarsa ta yi ƙyas ta tsaya. Ya ce in saya. Na yi dariya, na nuna masa hannuna, na ce wannan shi ne ma'aunina tun kafin a haife ka. Sai ya ba ni wani guntun bututun kabon da aka yanko daga mataccen keke, ya ce in tafi da shi in riƙa gwada kunnena.

Aikin da nake so in ba ku labari, Rahila ce ta kawo shi. Ta shiga ƙungiya da wani tsohon keken ƙarfe, kullum ita ce ta ƙarshe, maza suna jiranta a kan tudu suna yi mata tsiya. Ta daɗe tana tattali don ta sayi na kabon. Ran wata Alhamis, cikin zafin bazara, wani ɗan kasuwa mutumin Jega da ke kawo kaya daga Kwatano ya tsaya da motarsa a gaban rumfata, ya sauke kekuna biyu. Rahila ta zo da farin kayan aikinta ta ce, “Yaya Sani, kai ne idona. Wanda ka ce shi zan ɗauka.” Amma tana faɗa tana kallon ja.

Ɗaya ja ne, yana walƙiya kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Ɗayan ruwan toka, duk ƙarzuwa a jikinsa, robar hannunsa ta warware tana reto. Ɗan kasuwa ya dafa jan ya ce, “Malam, wanga keke awa sabo yake. Tun da munka ɗauko shi ko tudu bai hau ba.”

Na ce to, mun ji. Na fara da tsayi, domin keken da ya fi ka girma ko kyauta ne wahala ce. Na sa ta tsaya da kowanne a tsakanin ƙafafunta, duka biyun sun yi mata daidai. Na duba haƙoran giya, na jan sun yi tsini kamar na zarto, alamar an ci ƙasa da shi sosai, na tokan kuwa da sauransu. Na ja sarƙa daga jikin faranti in ga yadda ta saki. Na cire tayoyi na duba bakin fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba. Na zare sirdi na leƙa ciki da fitilar waya. Sannan na ɗauko kwabo.

Na tokan na bi shi tun daga kai har wutsiya, ƙal-ƙal ko'ina. Ƙarzuwar duk a fenti ta tsaya, irin ta jingina keke a bango. Da na zo kan jan, sama lafiya. Na gangara ƙasa wurin da feda ke shiga, na ƙwanƙwasa, sai na ji ɗif. Na matsa yatsa biyu, ƙal. Na dawo, ɗif. Na shafa wurin, fentin ya fi kauri, na kai hanci, yana warin sabon fenti. Na ce wa Rahila ta sa kunne. Ta ji da kanta.

Ɗan kasuwa ya ce shi bai san komai ba, haka anka ba shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa, su ma a dunƙule suke saye. Rahila ta ce, “Amma Yaya, wancan ɗin kamar an tsinto shi a bola.” Na ce mata mummunan ya nuna miki duk abin da ya same shi, kyakkyawan ya ɓoye. Na yi surutu ranar, ba kaɗan ba. Mutane sun taru, ina ɗaga kwabo ina bayani kamar mai sayar da maganin basir a kasuwa. Ta ɗauki na tokan, ɗan kasuwa ya loda jansa ya tafi.

Sauran aiki kaɗan ne. Hannunta gajere ne, sai an ɗan saita mata kan keken. Ga yadda abin yake, ku saurara da kyau. Fok yana da dogon wuya, bututu ne, yana bi ta cikin gaban keke ya fito sama. Kan keke a wuyan nan yake kamawa, da wasu ƙananan notuna biyu da ake ɗaurewa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zurawa a ramin noti. A wannan keken, wuyan shi ma kabon ne. Na sani, na gani da idona. Na saita, na ɗaure na farko, na ɗaure na biyu har alanki ya ƙi tafiya. Daga nan ba ni na yi ba, hannuna ne. Ya lalubo sifana, ya saƙala a gindin alanki, ya ƙara rabin juyi.

Na ji tas. Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an taka ɓawon gyaɗa.

Rahila tana zaune a bencin nan da kuke kai, tana waya da shugaban ƙungiyarsu, wani tsohon Manjo. Ina jin ta tana cewa, “Wallahi Oga, ba don Yaya Sani ba da na sayi ajalina. Kowa ya riƙa kawo masa nasa.” Na kama kan keken na jijjiga, daram. Na matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyina na murɗa, bai motsa ba. Na ce a raina noti ne ya zauna. Ta gama waya ta ce, “An gama?” Na ce an gama. Ta hau ta tafi tana dariya, tana cewa kamar ba ta taka komai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro ya kama ni tun ba ta sha kwana ba. Amma kunya ta fi tsoron ƙarfi. Mutumin da ya gama wa'azi a gaban jama'a, yaya zai buɗe baki ya ce shi ya lalata keken da ya zaɓa?

Ran Juma'a da safe wata mata ta kawo keken ɗanta a gyara birki, na sa roba a juye har sau biyu. Wajen ƙarfe takwas Rahila ta wuce ta gaban rumfa a kan keken za ta aiki, ta ɗaga mini hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kan da na ɗaure. Na miƙe tsaye, ban kira ta ba. Duk mashin da ya taka birki da ƙarfi a titi sai na ɗago na leƙa. Na ce wa kaina cikin gari ne, hanya a miƙe take, ba gudu za ta yi ba. Na ce ai na jijjiga bai motsa ba. Na kawo wa kaina hujja ta fi goma, ko ɗaya ba ta zauna ba.

Da na dawo daga masallaci sai na tuna guntun bututun nan na Kaduna. Na tono shi daga akwatin kayan aiki, na samo wani tsohon kan keke na zura masa, na ɗaure yadda na ɗaure na Rahila, har da rabin juyin. Tas. Ita ce, ba wata ba. Na kwance na duba, ga wani farin layi siriri ya bi tsawonsa. Na danna da babban yatsa, ya buɗe baki.

A nan ya kamata in rufe rumfa in ruga asibiti. Na kira wayarta sau ɗaya, ba ta ɗauka ba, tana kan aiki. Na ji sauƙi da ba ta ɗauka ba, Allah ya yafe mini. Na shirya cewa gobe Asabar zan riga kowa zuwa inda suke taruwa, in ja ta gefe, in ce akwai ɗan abin da zan sake dubawa, in tafi da keken rumfa. Babu wanda zai ji. Ina tunanin ranta, amma ina lallaɓa sunana a gefe.

Ƙarfe bakwai suke tashi. Na isa bakwai saura kwata da alanki a aljihu, ban ga keke ko ɗaya ba. Wata mai ƙosai da ke wurin ta ce, “Baba, masu hular kwano? Ai tun shida suka wuce, sun ce saboda zafi.” Na ce ina suka yi? Ta nuna hanyar Mahuta.

Ku da kuka san hanyar, akwai wani dogon gangare a can gaba, a ƙarshensa gada ce, kwalta ta farfashe a bakinta. Keken kabon a wurin nan yana gudu kamar mashin. Kafin gada dole ka matse birki da ƙarfi, kuma in ka matse, duk nauyinka a wuyan nan yake sauka. In ya ɓalle, kan keke zai zo maka a hannu, fuska ce za ta fara isa ƙasa.

Na tare ɗan kabu-kabu na ce masa hanyar Mahuta, kada ka tsaya wa kowa. Ina bayansa ina kiran wayarta, tana ƙara ba a ɗauka, tana aljihun bayan riga. Lambar Manjo ba ni da ita. Duk inda na hango mutane sun tsaya a bakin hanya sai in ɗauka ita ce a ƙasa, mu matso in ga masu sayar da mangwaro ne. Ɗan kabu-kabu ya ce, “Baba, ka daina matse mini ciki, za mu faɗi.” Ban san ina matse shi ba. Addu'ar da na yi a hanyar nan, rabinta ban san me nake cewa ba.

Mun same su a kan tudun, a gindin wata ɗorawa inda suke shan ruwa kafin su gangara. Su goma sha wani abu ne. Uku har sun riga sun sauka. Rahila ta sa ƙafa ɗaya a feda, tana gyara igiyar hularta. Na diro tun mashin bai gama tsayawa ba, na kama kan kekenta da hannu biyu.

Ta ce, “Yaya Sani, lafiya? Wani ne ya rasu?”

Na ce, “Sauka.”

Manjo ya matso yana murmushi, ya ce, “A'a, ga likitan kekuna da kansa. Ka zo duba marasa lafiyarka ne?”

Duk maganar da na shirya ta ja-gefe ta gudu. Na ce, “Ranka ya daɗe, na yi ɓarna. Na ɗaure wuyan keken nan fiye da ƙima, ina jin ya tsage.” Na fito da alanki, sai da na gwada sau uku kafin ya shiga ramin noti. Na kwance, na zare kan keken, na haska fitilar waya ko da yake rana ta fito. Ga farin layin nan, ya fi na gwajin da na yi tsawo, ya gangara har ya shige cikin jikin keke. Tafiyar kwana biyu ta ƙara buɗe shi. Rahila ta sa yatsa ta danna, ba da ƙarfi ba ma. Ya lotsa.

Wani malami ya leƙa gangaren, ya cire hularsa. Manjo ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka kyauta da ka biyo mu. Ba kowa zai yi ba.” Na fara jin sanyi a raina. Sai Rahila ta ɗago ta dube ni. Aikinta ke nan, tambayar mara lafiya yaushe ciwo ya fara.

“Yaya, yaushe ka sani?”

Da na ce yau da asuba, da an wuce wurin. Na ce, “Na ji ƙarar tun ran Alhamis.”

“Ina zaune a benci?”

“Kina zaune.”

“Jiya na wuce ta gabanka, na ɗaga maka hannu.”

Na ce na gani.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire hular kwano ta rataya a hannu, ta ce wa ɗan kabu-kabun ya kai ta gida. Ta saɓa keken a kafaɗa ta hau bayan mashin ɗin. Ni na dawo a ƙafa har sai da wata motar itace ta rage mini hanya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya zaga, kuma ba a ce Sani ya fasa keke ba, cewa aka yi Sani ya sani ya yi shiru. 'Yan ƙungiya suka riƙa loda kekunansu a mota zuwa Kontagora. Har manoman da ba su san mene ne kabon ba suka fara tsayawa a kaina suna kallon hannuna. Na koma faci da famfo, irin wanda kuke cewa. Na aika Kaduna aka kawo mini wani fok ɗin mai lafiya, na kai mata har gida. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ba wani ya ɗaura mata. A cikin kwalin fok ɗin ne sifana mai ma'auni ta zo, ga ta can rataye, ko ƙaramin noti na kabon ba na taɓawa sai da ita.

Manjo ne ya fara dawowa, sai malamin nan, sai sauran ɗaya bayan ɗaya. Yanzu duk wanda zai sayi na hannu a ƙungiyar sai ya kawo mini na bi shi da kwabo. In kuna so ku koya zan koya muku, kunne da ido da hannu, ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda duk ya ji wata ƙara da bai gane ba, ya ajiye alanki ya faɗa a lokacin, ko mai keken yana cikin yabonsa.

Rahila ba ta daina gaishe ni ba. Da matata, wadda take ce wa Inna, ta kwanta a asibiti ita ta tsaya a kanta. Da Kirsimeti shinkafa tana zuwa gidana kamar yadda aka saba. Yanzu ita ce ta uku ko ta huɗu a kan tudu, maza ne ke bin ta a baya. Da daminar bara, ran wata Asabar suna dawowa, tayarta ta baya ta sace daidai gaban rumfar nan, taku biyar daga inda nake zaune. Na miƙe, har na ɗauko famfo. Ta sauko ta ce, “Yaya Sani, ina kwana? Ya jikin Inna?” Na ce da sauƙi. Ta ce a gaishe ta. Sannan ta kama keken ta tura shi a ƙasa, ta wuce.